Yadda Ake Gano Matsalar Sarrafa Sanyi a Samfurin Gini na EnergyPlus, Mataki-Mataki

Da wuya mako ya wuce ban samu wannan tambaya ba daga ɗaliban injiniya da na zanen gine-gine: "Malam, na zana ginin, na sa masa na'urar sanyaya ɗaki, lissafi ya kai ƙarshe bai tsaya ba, amma ɗakunan sun ƙi yin sanyi." Wani kuma nasa sanyin ne ya yi yawa, ko wutar da na'urar ta ci a shekara ta fi ƙarfin hankali. Kafin su iso gare ni, yawancinsu sun riga sun ninka girman na'urar, wasu har sau uku. Wannan ɗabi'ar nake so a bari. In famfon gida ya ƙi kawo ruwa ba a farawa da sayen babban tanki, bututu ake bi daga bakin famfo har a tarar da inda ya toshe. Haka za mu bi sanyi a nan: daga cikin ɗaki mu riƙa komawa baya har mu kai ga injin.

Zan yi misali da EnergyPlus, manhajar Ma'aikatar Makamashi ta Amurka da ke lissafa zafi, sanyi da wutar da gini zai ci. Mai aiki da OpenStudio ko DesignBuilder ma ya biyo mu, domin ita ce injin da ke lissafi a ƙarƙashinsu. Sunayen abubuwa na cikin manhajar na bar su yadda za ka gan su a allo.

Kayan aiki da abin da za ka kashe

EnergyPlus da OpenStudio kyauta ne, kuɗin data kawai za ka kashe wajen sauke su. DesignBuilder ce ake biyan lasisi. Kana buƙatar fayil ɗin samfurinka na IDF, fayil ɗin yanayi na EPW, IDF Editor ko kowace manhajar gyara rubutu, sai abin zana layin sakamako kamar DView ko Excel. Ka tanadi littafi da biro na rubuta kowane canji. Ainihin abin da aikin ke ci lokaci ne: ƙaramin ofis yini ɗaya, babban gini mai injin sanyaya ruwa kwana biyu ko uku.

Kafin ka taɓa komai, kwafi fayil ɗin ka ajiye na asali gefe guda.

1. Karanta fayil ɗin kurakurai

Buɗe eplusout.err ka karanta daga sama har ƙasa. Saƙonnin kashi uku ne: Warning gargaɗi ne, Severe babban kuskure ne, Fatal shi ne wanda ya tsayar da lissafi. Fatal yawanci sakamako ne kawai, tushen yana cikin Severe na farko da ya gabace shi, don haka daga nan za ka fara. Ka sa Output:Diagnostics da zaɓin DisplayExtraWarnings domin manhajar ta faɗi sunan abin da take kuka da shi, ba adadi kawai ba.

Abu uku za ka nema: mahaɗar (node, wato wurin da iska ko ruwa ke wucewa daga wani sashe na na'ura zuwa wani) da ba ta sami abokiyar haɗi ba, mahaɗar da ba a sa wa ƙayyadadden zafi ba (setpoint, wato zafin da ake so a tsaya a kai), da saƙon cewa lissafin na'urori ya kai iyakar maimaitawa, wadda a asali sau 20 ce.

Gargaɗi: in ka ga saƙon iyakar maimaitawa, kada ka ruga ka ƙara lambar a ConvergenceLimits. Sau da yawa abin da ke faruwa shi ne masu sarrafawa biyu na jayayya a kan mahaɗa ɗaya, wannan na cewa a sanyaya, wancan na cewa a bari. Ƙara lamba jinkirta lissafin kawai zai yi.

2. Tabbatar da yanayi da ranar awo

A nan mutanenmu suka fi faɗawa rami, shi ya sa zan daɗe.

Manhajar tana aiki da yanayi iri biyu. Akwai fayil ɗin EPW mai sa'o'i 8,760 na shekara. Akwai kuma ranakun awo, SizingPeriod:DesignDay, waɗanda da su ake auna girman na'ura idan ka rubuta Autosize. Sauya na farko ba ya sauya na biyu.

Wani ɗalibin digiri na biyu ya taɓa kawo mini kwamfutarsa da samfurin ofis mai hawa uku a Kano. Sa'o'in da ɗakuna suka kasa yin sanyi sun haura dubu, kusan dukkansu daga Maris zuwa Mayu. Ya yi mako biyu yana sauya koyil, wato murɗaɗɗen bututun da iska ke bi ta kansa ta yi sanyi, da fanka. Da muka gangara cikin fayil ɗin, sai ga ranakun awo na birnin Chicago zaune daram, domin daga fayil ɗin misali da ke zuwa da manhajar ya fara aikinsa. An auna na'urar da ranar 21 ga Yuli ta can, mai zafi ɗan sama da digiri 30, sannan aka ce ta yi aiki a Afrilun Kano inda ake haura 40. Ina za ta iya? Minti goma muka yi muka gyara.

Ga yadda za ka yi. Fayilolin yanayi na garuruwa irin su Kano, Sakkwato, Maiduguri, Yamai da Damagaram ana samun su a rumbun Climate.OneBuilding, kuma kowanne na zuwa da fayil ɗin DDY. Buɗe shi ka kwafo Site:Location da ranakun awo zuwa samfurinka, ka goge tsofaffin. Ɗauki ranar busasshen zafi ta kashi 0.4 cikin ɗari, wato zafin da ake wuce shi kimanin sa'o'i 35 kacal a shekara. Ka ƙara da ranar laima, domin bazara da damina ba irin nauyi ɗaya suke ɗora wa na'ura ba: a Afrilu zafi take yaƙa, a Agusta ruwan da ke cikin iska take matsewa.

Gargaɗi: duba SimulationControl. In ka rubuta Autosize amma awon shiyya (zone, wato ɗaki ko ɗakunan da manhajar ke lissafawa a matsayin wuri ɗaya), na tsarin iska ko na ruwa yana kan No, ba za ka sami girman da kake tsammani ba, ko lissafin ma ya tsaya.

3. Rage lissafin zuwa mako ɗaya

Ba a gano ciwo da jimillar shekara. Buɗe eplustbl.htm, nemi teburin Time Setpoint Not Met, ka ga shiyyar da ta fi kowa sa'o'in gazawa. Ita kaɗai za ka bi. Mayar da RunPeriod mako guda cikin watan da matsalar ta fi tsanani, ka sa Timestep a 6, wato kowane minti goma.

Sa Output:VariableDictionary domin a fitar maka da eplusout.rdd, jerin duk abin da samfurinka zai iya bayarwa. Daga ciki nemi waɗannan, a matakin Timestep ko Detailed: Zone Mean Air Temperature, Zone Thermostat Cooling Setpoint Temperature, Zone Predicted Sensible Load to Setpoint Heat Transfer Rate, System Node Temperature, System Node Setpoint Temperature da System Node Mass Flow Rate.

Gargaɗi: kada ka nemi sakamakon sa'a-sa'a. Na'urar da ke kunnawa tana kashewa kowane minti goma, matsakaicin sa'a zai nuna ta lafiya lau.

Zana zafin ɗaki da ƙayyadadden zafi a kan zane ɗaya, ka dubi lokacin da suke rabuwa. In da sassafe ne kawai, matsalar tashi ce bayan gini ya kwana da zafi. In daga azahar zuwa la'asar ne, ko ƙarfi ya gaza ko wani abu ya mutu a tsakiyar aiki. In cikin dare ne ko ranar hutu, jadawali ne. In kuwa yini zungur ne, sanyin bai taɓa isowa ɗakin ba.

4. Tamostat da jadawali

Kowace shiyya mai sanyi sai ta sami ZoneControl:Thermostat, wato tamostat, abin da ke auna zafin ɗaki ya umarci na'ura. Jadawalin nau'in sarrafawa yana ɗaukar lamba: 0 babu sarrafawa, 1 ɗumamawa kaɗai, 2 sanyayawa kaɗai, 3 zafi ɗaya na duka biyun, 4 zafi biyu da tazara a tsakani. Lambar da ke jadawalin dole ta dace da abin da ka jera a tamostat ɗin. In 4 ce, na sanyi ya kasance sama da na ɗumi a kowace sa'a.

Sai ka jera jadawali huɗu kusa da juna: na mutane, na tamostat, na fanka, na koyil. Manhajar tana ɗaukar ɗaki da mutane a ciki muddin jadawalin mutane ya wuce sifili. In ka bar 0.05 da dare saboda maigadi, fanka a kashe, tamostat na neman digiri 24, to kowane dare za a rubuta maka gazawa alhali na'urar ba ta yi laifin komai ba.

Kalmar Weekends a manhajar Asabar da Lahadi take nufi. In ginin makarantar Islamiyya ne da ke hutun Alhamis da Juma'a, ko ofis da ake tashi da wuri ranar Juma'a, rubuta ranakun da sunansu ɗaya bayan ɗaya. In kuma kana daidaita samfurin da takardar kuɗin wuta ta ginin gaske, tambayi mai kula da ginin ko janareta na ɗaukar na'urorin sanyi idan an ɗauke wuta. A wurare da yawa fitilu da fanka kawai yake ja.

Gargaɗi: duba layin SummerDesignDay a jadawalin mutane, fitilu da kayan lantarki. In ba ka rubuta shi ba, zai faɗa ƙarƙashin AllOtherDays, wanda galibi sifili ne, sai a auna maka na'ura da gini fayau babu kowa.

5. Raba laifin gini da na na'ura

Yi kwafi, cire tsarin sanyin gaba ɗaya, ka sa ZoneHVAC:IdealLoadsAirSystem a kowace shiyya ba tare da iyakar ƙarfi ba. Wannan na'ura ce ta lissafi da ke ba ɗaki duk sanyin da ya nema. In har da ita ɗakin bai zauna kan ƙayyadadden zafi ba, koma mataki na huɗu. In ya zauna, rubuta mafi girman nauyin kowace shiyya ka raba da faɗin ƙasanta. Shiyyar da ta fita daban da 'yan uwanta, duba ta: rufin kwano ba silin, taga da aka shigar sau biyu, ko iskar da ke kutsowa da aka rubuta da ma'aunin da ba nata ba.

6. Bi iska daga ɗaki zuwa koyil

Yanzu koma kan samfurin gaske. Buɗe zanen SVG da manhajar ke fitarwa, ko fayil ɗin eplusout.bnd, ka rubuta sunayen mahaɗu a jere: mashigar ɗaki, mafitar tsarin iska, bayan fanka, bayan koyil, inda iskar waje ke gauraya da ta ciki. A kowace mahaɗa tambaya uku ce: iska na gudana? nawa ne zafinta? nawa aka umarce ta ta kasance?

Fara da mashigar ɗaki ka yi lissafi da hannu. Sanyin da iska ke kawowa shi ne nauyinta a daƙiƙa, sau 1,006, sau bambancin zafi. Iskar kilo 0.5 a daƙiƙa mai digiri 13 da ke shiga ɗaki mai digiri 24 tana kawo 0.5 × 1,006 × 11, kimanin wat 5,500. In ɗakin na neman wat 8,000, a wannan zafin sai iskar ta kai kusan kilo 0.72. Nauyin da ɗaki ke nema yana fitowa da alamar ragi idan na sanyi ne, kada wannan ya ruɗe ka. Wannan ɗan lissafin zai nuna maka hanyar da za ka bi: ko iskar ce ta yi kaɗan, ko ba ta yi sanyi ba.

In iska ce ta yi kaɗan, duba iyakar bakin da ke sakin iska a ɗakin, sannan iyakar fanka. In bakunan duka sun buɗe amma jimillar abin da suke nema ta fi ƙarfin fanka, kowa zai sami ragi.

In iskar ba ta yi sanyi ba, duba ƙayyadadden zafin mahaɗar bayan koyil. Ka ga -999? Ma'anarsa babu SetpointManager da ya sa wa mahaɗar umarni. Koyil mai ruwa yana aiki ne ta Controller:WaterCoil: mahaɗar da yake saurare ta zama ta iska bayan koyil, wadda yake juyawa ta zama mashigar ruwan koyil ɗin, kuma Action na koyil ɗin sanyi Reverse ne.

Gargaɗi: fanka na ƙara wa iska zafi, sau da yawa wajen digiri ɗaya. In tana bayan koyil, ka sa 12.8 a bayan koyil, abin da zai isa ɗaki ya fi haka. Sa ainihin umarnin a mafitar tsarin, sannan ka yi amfani da SetpointManager:MixedAir ya rage zafin fankar ya kai wa mahaɗar koyil. Ka kuma tabbata zafin iskar da ka rubuta a Sizing:Zone da Sizing:System shi ne wanda ke cikin umarnin. Wanda ya auna bututu da iskar digiri 12.8 sannan ya tura ta 16 ya yi asarar fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na sanyinsa a ɗaki mai 24.

Masu kukan sanyi ya yi yawa, ku dubi mafi ƙarancin buɗewar bakin iska. Da yawa sukan bar shi a 0.3. A ƙasashen sanyi akwai koyil mai sake ɗumama iskar, mu kuwa ba kasafai muke sa shi ba, don haka da safiyar hunturu ɗakin da ba kowa zai yi ta sauka ƙasa da abin da aka nema. Rage lambar zuwa abin da numfashin mutanen ɗakin ke buƙata, ko ka sa SetpointManager:Warmest ya ɗaga zafin iskar idan nauyi ya ragu.

7. Bi ruwa daga koyil zuwa cila

In ginin na da injin sanyaya ruwa, wanda ma'aikata ke kira cila, tambayoyin nan uku za ka maimaita a bututun ruwa. An saba ruwa ya fita a digiri 6.7 ya dawo wajen 12. Nemi Plant Supply Side Cooling Demand Rate, Plant Supply Side Unmet Demand Rate, Chiller Part Load Ratio da zafin ruwa a mafitar cila.

Ni kaina na taɓa kwana biyu a kan wannan. A zanen, wutar da cilar ke ci tana hawa tun safe lafiya lau, sai wajen ƙarfe ɗaya na rana ta faɗo sifili tamkar an zare fulogi, ruwan ya yi ta ɗumi, sai bayan la'asar ta farfaɗo. Na zargi famfo, na zargi koyil. Ashe a PlantEquipmentOperation:CoolingLoad ne: iyakar sama ta nauyin da na kwafo daga wani ƙaramin samfuri ta yi ƙasa da abin da ginin ke nema da tsakar rana. Da nauyi ya haura iyakar, manhajar ba ta ga injin da aka ba wannan zangon ba, sai ta kashe komai. Zango na ƙarshe ka ba shi lamba mai girman da nauyi ba zai taɓa kai ta ba, kuma kada ka bar giɓi tsakanin zango da zango.

Sauran wuraren dubawa: mafitar zagayen ruwa dole ta sami umarnin zafi. In cilar na kan LeavingSetpointModulated, mafitarta ita ma tana son nata. Famfo mai gudu ɗaya yana buƙatar bututun kewaye, in ba haka ba ruwa ba shi da hanya idan koyil ya rufe. Famfon da aka bari kan Continuous bayan cila ta mutu zai yi ta zuba zafinsa a ruwa har manhajar ta yi kukan zagayen ya yi zafi fiye da kima. Zafin ruwa a Sizing:Plant ya zama ɗaya da wanda aka auna koyil da shi.

Gargaɗi: in cilar mai hasumiyar huce ruwa ce, hasumiya ba ta iya sauke ruwa ƙasa da zafin jiƙaƙƙen ma'auni na iskar waje (wet-bulb, wato zafin da ma'aunin da aka naɗe da jiƙaƙƙen ƙyalle ke nunawa). Ka ce ta ba ka digiri 21 a watan Agusta, fankarta za ta yi ta gudu ba hutawa ba tare da ta kai ba. Yi amfani da SetpointManager:FollowOutdoorAirTemperature ya bi jiƙaƙƙen ma'aunin da ƙarin digiri 3 zuwa 4.

8. Na'urorin bango da VRF

Mafi yawan gine-ginenmu ba cila gare su ba, na'urorin sanyi ne na bango masu aiki da gas. A kasuwa da ƙarfin doki ake sayar da su, kuma nan kuskure ke shigowa. Mai doki ɗaya da rabi tana ba da sanyin kusan BTU 12,000 a sa'a, wato wat 3,517. Na ga wanda ya lissafa 1.5 sau 746 ya rubuta wat 1,119 a gurbin ƙarfin sanyi, ya rage wa na'urar kashi biyu cikin uku. Ɗauki lambar daga allon da ke jikin na'urar ko takardar kamfani.

Manhajar tana son iskar koyil ɗin gas ta kasance tsakanin 0.00004027 da 0.00006041 mita kubik a daƙiƙa ga kowane wat. Ga wat 3,517, tsakanin 0.14 da 0.21 ke nan. In ka rubuta ƙarfi da hannu ka bar iska a Autosize, sau da yawa za su saɓa.

Ƙarfin da ke jikin allo an auna shi ne a zafin waje na digiri 35. A 42 na'urar ba za ta ba da shi ba, kuma daidai ne samfurin ya nuna haka. Duba iyakokin lanƙwasar aiki, wato layin lissafin da ke nuna yadda ƙarfin na'ura ke sauyawa da zafin waje, domin bayan iyakar manhajar tana tsayar da lambar wuri ɗaya.

Gargaɗi ga masu VRF, wato tsarin da injin waje ɗaya ke ciyar da na'urorin ɗakuna da yawa: akwai gurbin mafi girman zafin waje da na'urar za ta yi sanyi a cikinsa, kuma a asali digiri 43 ne. Fayil ɗin Sakkwato ko Maiduguri na iya haura wannan a bazara, sai na'urar ta mutu a sa'ar da aka fi bukatarta. Sa lambar da kamfanin ya bayar ga ainihin na'urar da za a saya.

9. Sai yanzu a taɓa girma

In duk abin da ke sama ya daidaita, koyil na aiki da iyakar ƙarfinsa, ɗaki bai yi sanyi ba, to ƙarfi ne ya gaza da gaske. A Sizing:Parameters, ƙa'idar tsimin makamashi a gine-gine ta ASHRAE 90.1 (ta ƙungiyar injiniyoyin sanyi da ɗumi ta Amurka), a sashenta na Rataye G, tana ninka girman da aka auna sau 1.15 ga sanyi a ginin kwatance, wato ginin da ake gwada naka da shi. In sai ka kai 1.5 ko 2 kafin abu ya yi, akwai abin da ka tsallake a baya. Gazawar safiya kuwa ba girma take so ba: kunna na'urar sa'a ɗaya kafin mutane su iso, ko ka sa AvailabilityManager:OptimumStart.

10. Koma kan shekara

Mayar da RunPeriod shekara cikakkiya, ka cire sakamakon minti goma-goma don kada fayil ya kumbura. Rataye G bai yarda sa'o'in gazawa su wuce 300 ba cikin 8,760. Manhajar tana ƙirga gazawa da zarar ɗaki ya kauce da digiri 0.2, kuma ana iya mayar da shi 0.556 a OutputControl:ReportingTolerances ga mai bin wannan ƙa'ida. In ka sauya, ka faɗa a rahotonka, kuma ka yi shi bayan gyara, ba a madadinsa ba.

Gargaɗi: raguwar sa'o'in gazawa ba ta isa shaida ba. Duba wutar sanyi wata-wata. A arewa ya kamata ta yi tsiri a Afrilu da Mayu, ta sassauta da damina, ta faɗi a Disamba da Janairu. In ta kwanta daidai duk shekara, akwai fanka ko famfo da ke gudu dare da rana, ko koyil ɗin ɗumi da aka gado daga fayil ɗin misali yana cinye sanyin a ɓoye. Nemi Heating Coil Heating Rate na watan Afrilu. In ba sifili ba ne, ɗauki sunan koyil ɗin ka koma mataki na shida da shi.